Sawu a Ƙurar Alli

Ranar Litinin, wata biyar da kwana shida bayan rasuwar matata, na buɗe durowar ɗakin ɗaukar darasi na tarar babu faifan.

Ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanka girma ba. A cikinsa akwai darussan shari'a ɗari biyu da goma sha huɗu, waɗanda ta yi shekara takwas tana ɗauka a gaban kyamara tana sakawa a intanet. Babu wani kwafi a ko'ina. Na san haka domin ni na sa aka sauke su daga shafin makarantar mako biyu bayan an binne ta. Dalilin da na bayar shi ne doka ta canza a wuri uku, kuma mamaci ba ya amsa tambayar ɗalibi. Dalili ne mai kyau. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da dokar shaida a jami'a, na iya ƙera dalili mai kyau. Gaskiyar ita ce na gaji da jin muryarta tana fitowa daga wayar kowane baƙo a motar haya.

Makarantar ɗaki uku ce a saman wani kemis. Ita ta kafa ta, ni kuwa na yi mata dariya tun ranar da aka kafa allon suna. Na ce koyarwa ba tare da fuskar ɗalibi ba magana ce da bango. Da na yi ritaya sai na riƙa bin ta wurin, da sunan duba mata takardun jarrabawa. Da ta rasu makarantar ta faɗo a kaina. Na kulle ɗakinta, na hana a shiga, na hana a share, na koma ƙaramin ofis ina karanta wa kwamfuta tsofaffin takarduna. Ɗalibai ɗari huɗu ta bari. Zuwa wannan Litinin saura casa'in, kuma ina zargin rabinsu mantawa suka yi ba su fita ba.

Ranar Alhamis kafin nan, a taron ma'aikata, an sake roƙona in mayar da darussanta. Na ce ranar Litinin zan ba da faifan a goge, a zuba nawa a kai. Har yau ban san ko da gaske nake ba.

*

Kafin azahar duk layin ya gama shari'ar.

Mai gadinmu tsohon ɗan gidan yari ne. Shekara shida ya yi a kan karɓar kayan sata, a can ya haɗu da matata lokacin da take zuwa koyar da fursunoni kyauta. Da ya fito ta ba shi gadi, ta sa shi a aji. 'Yan layin suna kiransa Beli, shi kuma yana amsawa, domin mutum irinsa ba ya zaɓen sunan da za a kira shi. Saura kwana tara ya zauna jarrabawar ƙarshe, kuma hukumar jarrabawar ba ta karɓar wanda sunansa ya sake shiga littafin 'yan sanda. Ba sai an same shi da laifi ba. Shigar sunan kaɗai ta isa.

Mai kemis, wanda shi ne mai benen, ya hau sama ya same ni da tawagar masu shaguna a bayansa. Ya ce tun farko ya gaya wa Malama kada ta kawo irin waɗannan mutane gininsa. Na tuna masa ba a fasa ƙofa ba, ba a fasa durowa ba, kuma Beli ba shi da makullin durowar. Ya ce wanda ya yi shekara shida a ciki ai ya wuce neman makulli. Masu shaguna suka yi dariya.

Na kira Beli gabansu. Na tambaye shi inda yake Asabar da Lahadi. Ya ce a kan bencinsa, ƙasan matakala. Na tambaye shi ko wani ya hau. Ya dubi ƙasa. Na sake tambaya.

"Malam, ban ɗauka ba," in ji shi. "Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Mai kemis ya ba ni zuwa Laraba da la'asar. Ko in kai ƙara, ko shi ya kai a matsayinsa na mai gini. Ban yi masa gardama ba. In faɗi gaskiya, shirun Beli ya yi mini kama da amsa, kuma na ji daɗin samun wanda zan tsana ban da kaina.

*

Ban kira yayan matata ba. Ji ya yi ya zo, kamar yadda yake zuwa ko'ina.

Shekara ashirin da takwas ya yi a gandun daji yana bin sawun masu farautar sata. Karatunsa bai wuce ya sa hannu a takardar albashi ba. Tun da na auri ƙanwarsa yake kirana Farfesa, alhali ya san sau uku jami'a ta hana ni wannan kujera. Ni kuma ina ce masa Yaya, saboda haka ita take ce masa, kuma ba ni da ƙarfin sake masa suna yanzu.

Ya iso ranar Talata da hantsi, da 'yar tocila a aljihu. Bai tambayi komai a kan faifan ba. Ya tambaya yaushe aka share ɗakin. Da na ce wata biyar ke nan, sai fuskarsa ta washe.

"Farfesa, wannan ne abu na farko mai amfani da ka taɓa yi."

Matata ba ta yarda da rubutu a gilashin kwamfuta ba. Allo na gaske ta sa aka kafa mata, da alli na gaske, ta ce hannun da ke rubutu shi ke riƙe idon ɗalibi. Ƙurar allin shekara takwas ta zauna a labule da saman fanka da kowane lungu, kuma a wata biyar na kulle ta sauko ta kwanta a kan tayil kamar siririn mayafi. Yaya ya sa na ja labule. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kwantar da tocilar a ƙasa, hasken ya bi tayil ɗin a kwance. Abin da nake gani farin daɓe sai ya cika da rubutu.

Ya fara da nawa. Takalmi mai tsini, in ji shi, mutum dogo mai ciwon gwiwar hagu, ya shiga kai tsaye, ya fita da sauri, bai dubi allo ba ko sau ɗaya. Na ce wannan ba sai an kawo masani daga daji ba.

Sai ya nuna wani takalmi mai faɗi da ya tsaya daidai bakin ƙofa, ta waje, bai shiga ba. Na Beli ne, kowa ya san takalmin. Ya daɗe a tsaye, in ji Yaya, yana sauya ƙafa kamar mai jiran wani.

Na uku babu takalmi. Ƙafa ce tsirara, matsakaiciya. Yaya ya bi ta da ido ba tare da ya taka ɗakin ba, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada dabba ta ji. Ta shiga, ta yi taku biyu, ta tsallake tayil na uku, ta dafa bango wajen tsallakewar. Ga tafin hannu a jikin fenti. Ta je gaban allo ta tsaya, ta daɗe har ƙafafun suka yi zurfi. Daga nan ta je durowa, ta dawo, ta sake tsallake tayil ɗin.

"Me ke damun tayil na uku?"

Na ce ban sani ba. Ya miƙa sandarsa ya danna shi. Tayil ɗin ya ce ƙas.

Ya dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da ban so ba, sannan ya ce ɓarawon da ya cire takalmi don kada a ji shi ya gani da yawa. Amma wanda ya cire takalmi da rana tsaka, a gini babu kowa, mai gadi yana tsaye yana jiransa, wannan ba tsoro ne ya cire masa ba. Sabo ne.

"Akwai kuma abin da bai zauna mini ba," in ji shi. "Mutumin nan yana ɗauke da kaya a gaba. Dubi yadda yatsun suka buɗe waje, dubi nauyin a diddige, ga takun gajere. Ɓarawo yakan shiga da sauƙi ya fito da nauyi. Wannan da nauyinsa ya shiga, da shi ya fito."

Kafin mu bar wurin ya tsaya a barandar waje, ya haska bangon da ke gefen ƙofar, ya shafa shi da yatsa. Na tambaye shi ko wani sawun ne. Ya ce tsoho ne, ba na wannan shari'ar ba.

*

Mutum biyu ne kawai suke aiki a wannan ɗaki tare da ita, ko haka na ɗauka.

Na farko ƙaramin lauya ne da ta ɗauko yana koyar da dokar kwangila. Shekararsa talatin da biyar, tumbinsa ya kai hamsin. Tun da Yaya ya ce kaya a gaba na yanke hukunci a raina, domin na daɗe ina neman dalilin korarsa. Yana da buri, yana da murya mai daɗi, kuma sau biyu na ji yana cewa zai buɗe tasa makarantar. Darasi ɗari biyu jari ne ga mai irin wannan niyya.

Da muka kira shi, ya yi mana jawabi na minti goma a kan haƙƙinsa na yin shiru, wanda shi ne shiru mafi tsawo da na taɓa saurara. Yaya ya bari ya gama, sannan ya roƙe shi ya cire takalmi. Ƙafar ta fito kamar faranti. Yaya ya auna ta da tafin hannu, ya ce a mayar da ita gida, ba ita ba ce. Ya ƙara da cewa mai tumbi yana jefa nauyinsa gefe da gefe, ya saba da kayansa. Mai sawun can bai saba ba tukuna. Kayan sabo ne a jikinsa.

Ta biyu ita ce mai tace bidiyo, siririyar mace mai gilashi da matata ta laƙaba wa Almakashi, don ita ke yanke tari da kuskure daga kowane darasi. Ita ta bayyana wa Yaya dokokin ɗakin. Makirfon Malama yana jin komai, in ji ta, har ƙugin cikin mutum. Saboda haka ba a shiga da takalmi, ba a taka tayil na uku, ana ɗaga ƙofa kaɗan kafin a tura ta. Wanda ya yi shekara yana shiga ɗakin ana ɗauka, ko a barci ka tashe shi haka zai shiga.

Ƙafarta ta yi kusa da girman sawun. Na fara gyara zama. Amma Yaya ya sa ta ta yi tafiya daga ƙofa zuwa taga, ya ce wannan a kan yatsu take tafiya kamar mage, ko ƙwai ta taka ba zai fashe ba.

Ya tambaye ta ko akwai wani da ya saba da ɗakin ban da su biyu. Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar, ta ce ita aikinta yankewa ne, ba ƙarawa ba.

"Bayan taron Alhamis kin kira wani a waya?"

"Kowa yana kiran wani, Baba."

"Haka ne," in ji Yaya. Bai sake tambayarta komai ba.

A ƙasan matakala ya zauna kusa da Beli a kan benci. Na tsaya daga sama ina jira ya matsa shi. Bai matsa ba. Hira suka yi a kan ciwon baya. Can sai na ji ya tambaye shi ko matakalar nan tana da wuyar hawa ga mai nauyi. Beli ya ce sai an huta a tsakiya, sannan ya kama bakinsa da hannu.

Da yamma Yaya ya ce in tara kowa gobe kafin la'asar, shi zai je ziyara. Na tambaye shi wurin wa. Ya ce wurin da ya kamata in riga shi zuwa.

*

Ina da 'ya ɗaya. Ban ambace ta ba tun farko saboda a lokacin ba na ambatonta. Ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a ɗaya gefen gari. Ranar da na sauke darussan ta zo ta roƙe ni in bar su. Na ce mata uwarta ta ɓata shekara takwas tana magana da bango, ba zan bar bangon ya ci gaba da amsawa ba. Ta ɗauki jakar hannun uwarta daga kan tebur ta fita. Daga ranar ban kira ta ba, ba ta kira ni ba. Taurin kan nawa ne, gado ta yi tun ina raye.

Na karanta littattafai da yawa a kan yadda shaida ke ɓoye a fili. Na koyar da shi, na ba da maki a kansa. Duk da haka daren Talata na kwanta ina tunanin wace mace ce ƙaramin lauya ya aiko.

*

Ranar Laraba muka taru a barandar sama, gaban ɗakin: ni, da mai kemis da mutum biyu daga tawagarsa, da ƙaramin lauya, da Almakashi. Beli ya tsaya can ƙarshe, ya sa riga mai tsabta, irin shirin wanda ya san inda za a kai shi. Mai kemis yana ta duba agogo.

Yaya ya ja labule ya kwantar da tocilarsa, ya sake karanta musu daɓen kamar yadda ya karanta mini. Ya nuna inda takalmin Beli ya tsaya. Mai kemis ya ce to ai ga shi nan, ya tsaya gadi ne wa abokin satarsa.

"Gadi ya tsaya, gaskiyarka," in ji Yaya. "Aikinsa ke nan."

Sai ya cire takalminsa na dama, ya shiga ɗakin a karon farko, ya tsallake tayil na uku, ya ajiye ƙafarsa kusa da sawun da ke gaban allo. Ya ɗaga. Sawu biyu suka kwanta gefe da gefe, babba da ƙarami. A kowanne, yatsa na biyu ya fi babban yatsa tsawo, ya ɗan karkata waje.

Ya ce wannan yatsa na uwarsu ne. Shi ya samu, ƙanwarsa ta samu, ita kuma ta ba mutum ɗaya. Mutumin da ya yi shekara biyu yana kai wa Malama ruwan zafi da zuma a tsakiyar ɗauka, kafin aure ya ɗauke shi. Ya ce tun jiya ya ga yatsan, amma kayan gaban ne suka hana shi magana, domin a saninsa mai wannan ƙafa ba ta da irin wannan nauyi. Shi ya sa ya je ya gani da idonsa.

"Farfesa," in ji shi, "yaushe rabonka da ganin 'yarka?"

Sai aka fara jin taku a matakala. A hankali, da hutu a tsakiya. Beli ya ruga ya sauka, suka hauro tare da 'yata, tana dafe da hannunsa. Ciki wata bakwai. Makullan uwarta suna hannunta ɗaya, faifan yana ɗayan.

Ba ni ta fara duba ba. Beli ta duba, ta ce sai jiya Kawu ya gaya mata halin da ta jefa shi, don me bai faɗa ba? Ya ce ta ce kada ya faɗa, kuma 'yar Malama ce. Ta ce ai ba ta ce ya koma gidan yari a kanta ba. Ya ce ba ta ce kada ya koma ba.

Sannan ta juyo.

"Baba, ni na ɗauka. An ce mini za ka goge. Abin da ke cikina bai taɓa jin muryarta ba, kuma nan kaɗai ta rage." Ta miƙo faifan amma ba ta sake shi ba. "Ta san da cikin. Ta ce in bari ta gaya maka da kanta idan ta fito daga asibiti."

Mai kemis, wanda ba ya son a tashi taro ba a kama kowa ba, ya ce ko 'ya ce ai sata sata ce. Na buɗe baki in ba shi amsa, amma Beli ya riga ni. Ya ce, cikin ladabi, faifan yana cikin abin da Malama ta bari, ba a raba ba tukuna, kuma kason 'yarta a ciki ya fi na mijinta. Mutum ba ya satar abin da yake da haƙƙi a kai, balle ya ɗauke shi don kada a lalata. In ma akwai wanda ya kusa shiga haƙƙin wani, to wanda ya yi niyyar gogewa ne.

"Darasi na sittin da biyu," in ji shi. "Ka yi haƙuri, Malam."

Na nemi kuskure a maganarsa, domin wannan ce sana'ata. Babu. A shekara talatin da ɗaya ban yaye ɗalibi biyar da za su iya tsara ta haka a tsaye, ana jiran a kai su caji ofis ba.

Mai kemis ya tuna ya bar shago babu kowa. Tawagarsa ta bi shi.

*

Da aka watse Yaya ya riƙe ni a baranda. Ya haska bangon nan na gefen ƙofa. A daidai kafaɗata fentin ya goge ya yi santsi, faɗin tafin hannu biyu. A ƙasa kuma simintin ya yi sheƙi a wuri ɗaya.

Ya ce wannan sawun ya fi shekara biyar ana yin sa. Mutum dogo, yana jingina da kafaɗar dama don ya huta wa gwiwar hagu, kunnensa a jikin katakon ƙofa. Da safa yake zuwa, shi ya sa simintin ya yi sheƙi bai karce ba.

"Ka ce mini ba ka san abin da ke damun tayil na uku ba. Na yarda, ba ka taɓa shiga ana ɗauka ba. Amma ba ka taɓa fashi ba."

Na ce bango ne, kowa yana iya jingina. Ya ce haka ne, ya kashe tocilarsa.

Almakashi ce ta ƙarasa ni. Ta haɗa faifan da kwamfuta a ofis, 'yata tana zaune a kujerata ta ɗora ƙafafu a kan kwandon shara. Ban da darussa ɗari biyu da goma sha huɗu, akwai wani wuri da Almakashi ta tara abin da ta yanke ta kasa zubarwa. Ta sa masa suna Ɗalibin Baya. Guntaye ne, wani daƙiƙa biyar, wani goma, sun fi ɗari.

Ta buɗe ɗaya. Ga matata a gaban allo, da alli a gefen hancinta kamar kullum, tana tsakiyar bayani a kan wasiyya. Sai idonta ya sauka ƙasan ƙofa, inda haske ke shigowa. Ta rage murya ta ce wa Almakashi, "Ya iso. Bari in koma farko, ɗalibin baya ya makara." Ta juya ga kyamara ta ɗaga murya fiye da yadda makirfo ke buƙata.

A wani ta ce yau ya daɗe, Allah ya sa ba gwiwar ba ce. A wani kuma ta faɗi wata ƙa'ida ba daidai ba da gangan, ta tsaya tana kallon inuwar ƙafafuna, tana danne dariya, tana jira ta ga ko zan iya haƙuri. Na tuna ranar. Na koma ofis na yi awa guda ina huci, da dare na kawo mata gyaran a kan abinci kamar wanda ya tuno shi haka kawai. Ta yi mini godiya sosai.

Na roƙi Almakashi ta tsaya a nan. 'Yata ta ce a'a, a sa na gaba. Aka sa.

*

Darussan sun koma shafin a wannan makon. Wurare ukun da doka ta canza, ni nake fitowa in yi gyara na minti biyu-biyu, a tsaye inda matata take tsayawa, ba takalmi. Ɗalibai sun rubuto cewa tsohon nan ya rage ɗaure fuska. Almakashi ta ce ta gwada yanke ɗaurewar, ba abin da ya rage.

Beli ya zauna jarrabawarsa. Sakamako bai fito ba, amma na duba amsoshin da ya tuno mini, kuma na daina kiransa Beli. Yaya yana zuwa duk Asabar ya sha mini shayi ya kira ni Farfesa. 'Yata takan zo ranar hutunta ta zauna a ɗakin, ta ɗora abin sauraro a kan cikinta, jikana yana koyon dokar gado tun bai ga duniya ba.

An share daɓen, amma allon na nan yadda matata ta bar shi. A kusurwar sama ta rubuta darasi na gaba, haƙƙin ɗan haya, da kwanan watan da ba ta kai ba. Ni zan ɗauke shi ranar Litinin. Na yi kwana huɗu ina shiri, ina sauraren yadda take buɗe darasi, yadda take jira bayan tambaya kamar tana ganin mutum ɗari huɗu suna tunani.

Ta san ina bayan ƙofa. Wannan ya sauke mini rabin kayan. Sauran rabin shi ne ba ta ji dalilin daga bakina ba, kuma tura ƙofa kawai ya rage, a ɗaga ta kaɗan don kada ta yi ƙara, a tsallake tayil na uku, a faɗi kalma biyar.

Kin fi ni iya koyarwa.